Salula Daidai Tsawon Kaba

Duk Agadas, in ana zancen son babbar salula, Issouf mijin Souwaiba ba shi da na biyu. Tun da ya fara zuwa haƙar zinariya can arewa wajen iyakar Aljeriya, duk sanda rami ya yi masa kirki, kafin ya tako gida sai ya biya ta kasuwa ya sauya salula, kuma kowace sabuwa sai ta fi ta baya faɗi. Ta ƙarshen nan, Kelto Pro Max, in ya kara ta a kunne rabin fuskarsa ke ɓacewa. Faranti Souwaiba take ce mata. Ita ce kuwa ta fi kowa sanin girman abin, domin dukanci ne sana'arta a nan tsohon gari, unguwar Katanga, kuma ita ke ɗinka wa kowace salular tasa rigar fata.

"Baban Firdausi," takan ce, "wannan ai hwatar akuya guda za ta ci."

Shi kuwa sai ya yi dariya, ya ce namiji ba ya riƙe abin da zai ɓace masa a aljihu.

In yana can daji, kowace Juma'a yakan hau wani tudu inda ake samun rezo, wato sabis ɗin waya, ya kira su ta bidiyo, ƴarsu Firdausi ta cusa hanci a gilashi tana nuna masa abin da aka koya musu a lakwal, makarantar boko. Kwatsam bayan damina kiran ya ɗauke. Sai ga saƙon murya, vokal ɗin nan, daga lambar Hassane, abokinsa direba mai kai wa mahaƙa ruwa da abinci. Muryar Issouf ce, ta ɗan dushe. Ya ce farantin ya faɗa rami ya tarwatse, kada ta damu, zai riƙa aron ta Hassane kafin ya sami wata. Souwaiba har da yi masa tsiya a amsarta, ta ce Allah ya hutar da akuyoyin Agadas. Haka aka yi ta tafiya, vokal ya zo, vokal ya tafi, ba fuska.

Ranar da zancen ya ɓaci, kaya ta kai wa Bahago. Bahago mai butik ɗin salula ne a babbar kasuwa, shi ke sayen rigunan fatar da take ɗinkawa yana sayar wa masu son ado. Da hagu yake komai tun yana yaro, har sunansa na yanka ya ɓace. Shi kaɗai ne a duniya zai miƙo wa Souwaiba abu da hagu ta karɓa ba ta ɓata rai ba. Firdausi kam ta sha duka a bayan hannu kan wannan, don a wurin Souwaiba ba rainin da ya kai a karɓi abu daga hannunka da hagu.

Tana tsaye yana duba ɗinkin, idonta ya faɗa cikin akwatin gilashin da yake jera salulolin hannu. Jar fata, da koren zare a gefe, da ɗan tauraron da take bugawa a kusurwa. Ba sai an gaya mata ba. Ita ta yanka, ita ta ɗinka, har ta tuna inda basilla ta soke ta.

"Bahago, hiddo mini waccan."

Ya fito da ita. Ta juya ta gaba da baya, ta zare rigar. Ko ƙwarzane babu. Ta danna gefe, gilashi ya kawo haske tas. Wannan ce aka ce ta faɗa rami ta tarwatse.

"Wa ya kawo maka?"

"Hassane direba. Musanya shike so, a ba shi ƙarama." Bahago bai lura da fuskarta ba, don an taɓo masa inda ke masa ƙaiƙayi. "Ƙarama, Madame! Wa ke son ƙarama yanzu? Kowa da baki shina cewa salula ta yi girma, ba ta shiga aljihu, tana jan wando. Ka aje mishi ƙarama da babba, wallahi babbar zai ɗauka. Masu ƙera su ma sun gaji, sun bar yin Mini, c'est fini. Na ba Hassane Lite, don shi a tunaninshi Lite ƙarama ce. Kashegari ya maido mini."

"Ba ƙarama ba ce?"

"Ina! Dibi." Ya ciro wata daga karto, kwalinta, ya aza kusa da ta Issouf. Kusan kai ɗaya. "Girman ɗaya ne, cikin ne babu komi. Ta talaka ce, amma ba su rubuta haka bisa karto. Bara Lite suka ce mata, bana Neo, baɗi Allah kaɗai ya san mi za su laƙa mata. Sun gane talaka ya hi kowa son babba, don in ya hiddo ta wurin biki, daga nesa ba mai sanin wace ce. Na ce ma Hassane, to ga mai maɓalli, ƴar mitsitsiya, bateri ba ta mutuwa. Ya ce a'a, dole mai bidiyo. Shi ne jiya ya komo da wannan."

Ya laluba ƙarƙashin tebur ya ɗauko wani ɗan guntun kaba, bai kai tsawon yatsa da rabi ba.

"Wai kar hwaɗinta shi wuce nan. Kamar masu aiko da awon takalmi daga ƙauye."

"Jiya ka ce?"

"Jiya bayan azahar."

Jiya bayan azahar vokal ya shigo mata daga lambar Hassane, Issouf yana cewa yanzu ya fito daga rami, iska ta hana su dafa shayi. Daga Agadas zuwa wurin nan tafiyar kwanaki ce a mota mai ƙarfi. Souwaiba ta karɓi kabar. Ɗanya ce, koriya shar, ta lanƙwasa ta ba ta karye ba. Inda Issouf ke aiki ko ciyawa ba ta fita, balle goruba. Sannan bakin kabar ba yankan wuƙa ba ne, a tattaune yake, da haƙori aka gutsure. Issouf kuwa wuƙarsa ba ta barin ƙugunsa, mutum ne da ko zare zai yanke sai ya daidaita bakinsa.

Sai a lokacin Bahago ya dubi fuskarta, ya dubi ɗan tauraron da ke jikin fatar, ya dubi na rigunan da ta kawo masa yanzu.

Ba ta san yadda ta iso gida ba. Ta tarar da yayarta Hajara a tsakar gida tana tsince zogale. Hajara mace ce mai kirki, sai dai ba ta taɓa samun labari ta bar shi yadda ta same shi ba. Ta saurara har ƙarshe, ta kakkaɓe hannu.

"Abu biyu ne, ƙanwata. Na hwarko, Allah shi kiyaye, mutum shina rasuwa can, abokai su ruhe baki su rabe kayanshi, su riƙa turo ma iyali tsohuwar murya."

Souwaiba ta yi salati. Amma ta tuna, a vokal ɗin jiya ya yi wa Firdausi tsiyar haƙorinta da ya fita, haƙorin kuwa cikin satin nan ya fita. Da ransa.

"To saura na biyu," in ji Hajara. "Namijin da ya saba da hwaranti ba ya komawa ga ƴar ƙarama don kanshi. Hannu aka auna da kabar nan, kuma ba nashi ba ne. Ke ba ki ji ba, dole mai bidiyo? Da wa za a yi bidiyon? Ke dai ga taki salular a hannunki, ba don ke ake nema ba."

Souwaiba ta ce mata ta bar zancen banza. Tana faɗa tana jin zancen yana samun wurin zama a cikinta. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta ɗora salula a kunne, ta shiga bin vokal ɗin ɗaya bayan ɗaya tun daga na farko. Wannan karon ba maganarsa take saurare ba, abin da ke bayan maganar take nema. A na farko ba komai. A wani ta ji kukan akuya, ta ce to, mahaƙa ma suna sayen akuya su yanka. A na jiya kuwa, can ƙasa-ƙasa, daidai inda yake cewa iska ta hana su shayi, ta ji daka. Ba dakan dutse a turmin ƙarfe irin na masu zinariya ba, wannan ta san ƙararsa, ta sha ji a bidiyo. Turmin itace ne, hatsi ake surfawa, kuma tsakanin bugu da bugu akwai tafi. Mai dakan tana wurga taɓarya sama tana tafawa. Wace mace ce ke lugude a bakin ramin zinariya?

Ta ji kunya kafin ta ji fushi, kunyar yadda ta riƙa yi masa addu'ar Allah ya tsare shi daga zafi da rami, alhali yana nan cikin gari ana surfa masa hatsi. Sannan fushin ya zo, ya zauna daram. Ta ɗauki salula za ta kira Hassane ta wanke shi tas, sai ta fasa. In ta kira, za su shirya wata ƙaryar, kuma da alama sun iya. Ta danna ta yi vokal da murya mai daɗi.

"Baban Firdausi, sannu da aiki. Yaya iskar can, ta lahwa?"

Kafin la'asar amsa ta zo. Iska ta ɗan lafa, in ji shi, amma ruwan sha ya yi tsada. Ta saurara sau biyu ta ajiye.

Da safe ta koma wurin Bahago. Ta ce masa ya ci gaba da neman ƙaramar, amma ranar da ta samu, ita zai fara kira kafin Hassane. Bahago ya shiga kame-kame, wai amana ce, wai shi ɗan kasuwa ne ba ya shiga tsakanin miji da mata.

"Ba ka shiga ba," ta ce. "Salular mijina ce cikin gilashinka. In kuwa ka ga da wuya, ga Chaibou can bakin ƙohwa, tun bara shike roƙona in riƙa kai mishi rigunan nan."

Bahago ya dubi layin da butik ɗin Chaibou yake, ya ce ai shi dama bai ce ba zai kira ba.

Neman ya ɗauki lokaci. Bahago ya buga Arlit, aka ce babu. Ya buga Yamai, aka yi masa dariya, aka ce ko dai gidan tarihi zai buɗe. Wani ya aiko masa da wata mai suna Go, ya rantse ƙarama ce, da aka aza kabar a kai sai da faɗinta ya wuce da yatsa guda. Duk wannan lokaci Souwaiba tana amsa vokal da fara'a, tana tambayar abinci, tana tambayar abokan aiki da sunayensu, shi kuma yana amsawa dalla-dalla. Kowace amsa ta adana ta. Ta rame. In tana ɗinki sai ta tsinci kanta tana kallon hannayen mata, na mai kawo nono, na maƙwabciya, na ƴan matan da ke wucewa da ƙunshi, tana auna su da ido. Har hannun Hajara sai da ta kalla, ta yi istigfari.

Daga ƙarshe a Damagaram aka samo ta, a bayan kantar wani tsohon ɗan kasuwa da ya manta yana da ita. Kelto Mini, kartonta ya koɗe. Bahago ya kira Souwaiba, ta saka mayafi ta zo. Ya buɗe, ya aza kabar, wadda yanzu ta bushe ta yi fari, a kan gilashin. Daidai wa daida. Souwaiba ta ɗauka. Ta zauna cikin tafinta kamar don ita aka yi, babban yatsanta yana kaiwa kowace kusurwa ba tare da ta motsa hannu ba. Hannun mace, ta tuna maganar Hajara. Ta mayar da ita karto ta rufe, ta cusa kabar a bakin zane, ta ja kujera ta zauna.

"Yanzu kira shi."

Hassane ya shigo da saurinsa, dogo, rawani a wuya, makullin mota a yatsa. Ya yi sallama, ya ga wadda ke zaune da karto a cinya, sallamar ta maƙale.

"Maman Firdausi. Ina wuni. Ke ce nan?"

"Ni ce. Yaushe ka sauko daga daji, Hassane?"

"Jiya... shekaranjiya."

"Ka baro shi lahiya?"

"Lahiya lau. Shina gaishe ku."

"Madalla. Da sahen nan ya yi mini vokal da salularka. Ko ka bar mishi ita can?"

Salular tana leƙowa daga aljihun gaban rigarsa. Hassane ya kai hannu ya dafe ta, ya dubi Bahago. Bahago ya duƙa yana goge gilashin da ba shi da datti.

"Ka ci abinci gidana," ta ce, muryarta ba ta tashi ba. "Ranar sunan Firdausi kai ka riƙe ragon. Gaya mini wace ce."

"Wace ce wa?"

"Mai hannun."

Hassane ya dube ta. Abin da ya bayyana a fuskarsa ba irin wanda ta shirya wa ba ne, ba kunyar wanda aka kama ba ce, wani abu ne kamar gajiya. Wannan ma ya ƙara mata zargi, ta ce a ranta ashe har ya iya wasan fuska.

"Wallahi na yi rantsuwa ba ni hwaɗin komi. Ya sa na dahwa Alƙur'ani. Ki ba ni in kai mishi, in ya so ya kira ki da kanshi."

"Salular nan ba ta barin hannuna sai cikin nashi. Ka yi rantsuwa ba ka magana. Ka yi rantsuwa ba ka tuƙi?"

Ya juya makullin a yatsa ya ce ta taso.

Suka bar kasuwa, suka bar kwalta, motar ta shiga rairayin unguwar Dagamanet tana tangaɗi tsakanin gidajen laka. Rana tana tsaka. Souwaiba tana rungume da karto tana jera maganganun da za ta faɗa. Ba za ta yi ihu ba, ba za ta taɓa kowa ba. Za ta gaida matar da ladabi, ta miƙa masa saƙonsa, ta ce ya aiko mata da takardarta in ya samu sarari, ta fito. Sau uku tana sake tsarin, kowane karo maganar tana ƙara kaifi.

Tun daga ƙofar gida ta ji dakan, da tafin. Ta shiga. A tsakar gida, ƙarƙashin rumfar kaba, wata tsohuwa ce siririya, kanta fari fat, take wurga taɓarya tana tafawa kamar budurwa. Inna Ramata ce, mahaifiyar Hassane. Souwaiba ta san ta, ta taɓa zuwa musu barka. Tsohuwar ta tsayar da taɓarya ta dube ta, ta dubi ɗanta.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Na gaji da wannan ɓoyo, ɗiyata. Shina ciki."

Souwaiba ta gaishe ta a gurguje, idonta yana zagaya gidan. Igiyar shanya: rigunan maza, da zanen tsohuwa ɗaya. Bakin ƙofar ɗaki: takalmin Issouf, shi kaɗai. Ta nemi ƙaramin takalmi ba ta gani ba, ta ce a ranta an ɓoye. Ta ɗaga labule ba sallama.

Yana zaune kan tabarma, ya jingina da bango, ya yafa babban mayafi a kafaɗa duk da zafin da ake yi. Ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito. A gabansa akwai kwanon fura da ludayi. Ba kowa a ɗakin, ba ƙamshin turare, ba kayan mace. Ya ɗago ya gan ta, ya yi kamar zai tashi, ya koma.

"Souwaiba."

"Sannu da hitowa daga rami," ta ce. "Yaya iska?"

Duk maganganun da ta jera a mota suka watse, suka ƙi fita a tsare. Ta taka har gabansa, ta duƙa kaɗan, ta miƙa masa karton da hannu biyu, irin miƙawar da ake yi wa baƙo.

"Ga saƙonka. An sha wuya kahin a samu. Ka kai mata."

Ya dubi karton. Ya dube ta. Sannan a hankali ya fito da hannu daga ƙarƙashin mayafi ya kama gefensa. Hannun hagu.

Nan ne abin da ta danne tun ranar kabar ya ɓalle. Ta fizge karton.

"Da hagu? Ni za ka amsa ma da hagu? Ƙaryar ba ta isa ba, sai ka haɗa mini da raini? Shekara nawa ina..."

Fizgar da ta yi ta ja shi gaba, mayafin ya zame daga kafaɗarsa ya faɗi. Hannun rigarsa na dama an naɗe shi an soke da fil a ƙasan gwiwar hannu kaɗan. Daga nan ba komai.

A waje dakan ya tsaya. Souwaiba ta zauna a ƙasa inda take, karton a cinya.

"Injin niƙa dutse ne," ya ce, yana kallon bango. "Ya kama hannun riga. Hassane ya ɗauko ni, kahin mu iso likita ya riga ya ɓaci. Suka yanke."

"Tun yaushe?"

"Tun vokal na hwarko."

"Kana nan. Ina Katanga, kana nan."

"Na ce in warke tukuna. Da na warke na ce in koyi cin abinci tukuna, kar ɗiyata ta ga ubanta shina ci da hagu, ke da kike bugunta a kai." Ya yi wata ƴar dariya marar daɗi. "Hwarantin kuma ya ƙi ni. In na riƙe, yatsa ba ya kai wa maɓallin. In na miƙa yatsa, ya suɓuce. Sau nawa shina hwaɗo mini a hunska. Na ce in na samu wadda hannu ɗaya ke iyawa, in jingina da bangon nan in kira ku bidiyo ran Juma'a, kamar da. Hunska kaɗai ke hita a bidiyo."

"Har yaushe?"

Ta ga a fuskarsa bai taɓa tambayar kansa ba.

Tausayi ya kama ta har cikin ƙashi, fushin kuma bai tafi ba, su biyun suka haɗu suka zama kuka. Ta yi shi sosai, ba ta rufe fuska ba. Ta yi na hannun da ya ɗauki Firdausi ranar da aka haife ta, ta yi na watannin da ta yi tana kallon hannayen matan mutane, ta yi na wannan wawan mutum da ya gwammace ya zauna ɗakin tsohuwa yana ƙirƙiro iska da tsadar ruwa da ya bari matarsa ta gan shi haka. Shi dai yana zaune, yana ƙoƙarin jawo mayafin da hannu ɗaya ya rufe wurin, mayafin yana zamewa.

"Bar shi," ta ce. "Na riga na gani."

Ta share ido da bakin mayafinta, ta buɗe karton, ta ciro ƴar salular. Ta kamo hannunsa na hagu ta buɗe tafin, ta aza masa. Yatsunsa suka rufe a kai. Babban yatsan ya tafi kusurwar sama, ya dawo ta ƙasa, ya kai ko'ina. Ya yi ta maimaitawa, kamar bai yarda ba.

"Ta yi," ya ce a hankali.

"Ta yi. Amma haka tsirara za ta suɓuce maka ita ma. Sai an yi mata riga mai maɗauri ta baya, inda yatsu za su shiga."

Ta kwance bakin zane ta fito da busasshiyar kabar, ta dube ta, ta ga ba za ta zagaya ba. Ta tashi ta leƙa waje, ta zaro sabuwa daga rumfar Inna Ramata, ta dawo ta durƙusa a gabansa.

"Miƙo hannun."

Ya yi jinkiri. Ta ga kafaɗarsa ta dama ta motsa da kanta kafin ya tuna.

"Wanda ke akwai," ta ce. "Miƙo."

Ya miƙo. Ta zagaya kabar a bayan yatsunsa huɗu, ta matse, ta sassauta kaɗan don kada ta ci masa fata, ta riƙe wurin da farce. Ba ta zo da wuƙa ba. Ta kai kabar baki ta gutsure, ta ƙulle ta a bakin zane.

"Kayan aikina suna gida," ta ce, ta ɗauko masa takalmansa daga bakin ƙofa ta ajiye a gabansa. "Ba ni ɗinka ma kowa a gidan mutane. Tashi, an kusa tashi daga lakwal."